Daga Bakin Gado Zuwa Kasuwa: Yadda Baba Ya Sake Koyon Tafiya

 Yau ba maganar siyasa ko ta takardar indijin zan yi ba, duk da na san su ne suka fi ɗaga mana hankali. Maganar jinya ce, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da tsawonta.

Duk wanda ya tashi a Gangare ko Unguwar Rogo ko Rikkos ya san aƙalla gida ɗaya da in ka tambayi maigidan za a ce maka, "Ai Alhaji yana ciki, ɓarin jiki ne." In ka shiga za ka tarar da dattijo a kwance cikin tsabta, an rufe shi da bargo, ga jika yana yi masa fifita ko yana matsa masa ƙafa. A baki ake ba shi abinci, a ɗaga shi, a kwantar da shi. Babu mai cewa iyalinsa sun gaza. Amma in ka ƙirga za ka ga shekara biyu ko uku ke nan bai taka ƙofar gidansa ba. Na daɗe ina ganin irin waɗannan gidaje, ban san akwai wata hanya ba sai da abin ya zo gidanmu.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda da yadi yake sayarwa, daga Kantin Kwari na Kano yake saro kaya. Kakana ne ya zo Jos daga ƙasar Kano zamanin haƙar kuza, shi kuwa Baba a nan aka yanke masa cibiya. Yana da shago a babbar kasuwar Terminus har zuwa Fabrairun 2002 da gobara ta cinye ta. Ni lokacin ina goye, labari kawai na tarar. An ce da tebur ɗaya a gefen titi ya sake farawa, da turmi goma sha biyu na bashi. Na kawo wannan ne don mai karatu ya san ba rago ba ne, ba kuma mai saurin karaya ba ne.

A Disambar 2022, cikin tsakiyar sanyin nan namu na Jos, ya tashi zai yi alwalar asuba buta ta faɗi daga hannunsa, baki ya karkace, ƙafar dama ta ƙi ɗaukarsa. Hawan jini ne da ya daɗe yana wasa da maganinsa. Likita ya yi mana bayani cewa jini ne ya kasa kai wa wani sashe na ƙwaƙwalwa ta ɓangaren hagu, kuma ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki. Wato hannu da ƙafar lafiyarsu lau, umarni ne ba ya iso musu. Ya ƙara da cewa ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sababbin hanyoyi in ana motsa gaɓar ana amfani da ita, kuma wata uku zuwa shida na farko su ne lokacin da aka fi samun ci gaba, ko da yake ba a nan yake tsayawa ba. Bayan kwana goma sha shida aka sallame mu.

Mu Hausawa likitan gashi muka sani, mai miƙe gaɓa da ƙarfafa jijiya, kuma Baba ya yi ta zuwa wurinsa. Amma akwai wani fanni dabam da a asibiti suke taƙaita sunansa da haruffa biyu, OT, wanda ni dai na fassara shi da jinyar koyon ayyukan yau da kullum. Likitan gashi zai sa ƙafarka ta iya ɗaukarka. Mai wannan fanni kuwa tambayarsa ita ce: to, in ta ɗauke ka, ina za ka je, me za ka yi in ka isa? Yaya za ka sa riga da hannu ɗaya, yaya za ka shiga banɗaki, yaya za ka koma sana'arka? Da na bincika a waya na ga an kafa ƙungiyarsu ta farko a Amurka a 1917, aikin ya bunƙasa wajen kula da sojojin da suka dawo da raunuka daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kafa ƙungiyarsu ta duniya a 1952. A Nijeriya hukumar da ke yi musu rajista tare da likitocin gashi an kafa ta da doka a 1988, kuma ana karanta fannin a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Ba su da yawa ko kaɗan a ƙasar nan, shi ya sa da wuya ka ji Bahaushe ya ambace su.

Wadda Allah Ya haɗa mu da ita Kirista ce, 'yar nan Filato, muna ce mata Sista. Ta yarda za ta riƙa zuwa gida duk Asabar, Yayana da ke Abuja yana turo kuɗin. Wanda ya san Jos ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun rikicin Satumbar 2001 da na Nuwambar 2008 da na Janairun 2010 garin ya rabu, kowa ya san layin da yake tsayawa. Zuwanta na farko da ƙanenta ta zo, ni kuma na tarye su a bakin titi. Na biyu ita kaɗai ta zo, na tarye ta. Daga na huɗu sai dai mu ji sallamarta a zaure, yaran layi na biye da ita suna riƙe mata jaka.

Ranar farko ba ta taɓa hannun Baba ba sai da ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, wane abu uku kake so ka yi da kanka, ba tare da kowa ya riƙe ka ba?" Ya daɗe bai amsa ba. Maganarsa lokacin tana fita da nauyi. Ya ce, "'Yata, banɗaki. Sujada. Kasuwa." Ta ce to, a kan waɗannan uku za a yi aiki, kuma da na farko za a fara.

Sai ta tambaya ko yana da littafin lissafi. Mama ta ɗauko tsohon littafin bashinsa, mai jan bango. Sista ta sa na buɗe sabon shafi na ja layi kamar yadda yake ja wa masu karɓar kaya: kwanan wata, abin da aka yi, adadi. Ta ce ɗan kasuwa ba ya yarda da "ana samun sauƙi", lamba yake yarda da ita. Ita ma tana da nata ma'aunin, wanda ake kira ma'aunin Barthel, an fito da shi tun 1965. Abubuwa goma yake dubawa, irin su cin abinci, wanka, sa tufafi, shiga banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, tafiya da hawa matakala, a ba da maki daga 0 zuwa 100. Ranar nan Baba ya samu 25. Ta faɗa masa a gabansa, ba ta ɓoye ba. Ya ce, "Jari ne, ko?" Ta ce jari ne.

Abin da aka fara rubutawa a littafin zai ba ka dariya. Zama a bakin gado ba jingina, minti biyu. Washegari minti uku. Bayan mako guda, miƙewa tsaye daga kujera, sau uku. Nan ma akwai dabara: ta sa an ɗora wa kujerar matashi biyu don ta yi tsawo, saboda tashi daga wuri mai tudu ya fi sauƙi. Da ya saba aka cire matashi ɗaya, da ya saba aka cire na biyun. Ta koya masa ya matso bakin kujera, ya ja ƙafafu baya, ya sunkuyo gaba kafin ya miƙe. Mu kuma ta kafa mana doka: kada wanda ya kuskura ya ja shi ta hannun da ya shanye, domin kafaɗar ta saki, ana iya gurɗe ta. In za a tare shi, a tsaya ta ɓangaren dama a riƙe ƙugu. Sanda a hannun hagu, wato mai lafiya. Wajen sa riga a fara zura hannun da ya shanye, wajen cirewa shi ne na ƙarshe. Ta kuma hana a ajiye masa kaskon garwashi kusa da ƙafa ko a gasa ta da ruwan zafi ba a gwada ba, don ƙafar ba ta jin zafi sosai, tana iya ƙonewa bai sani ba. A sanyin Janairu na Jos wannan gargaɗi ne mai amfani ga kowane gida.

Na lura ba ta taɓa ba shi aikin da ta san zai faɗi a kai. Kullum abin da take nema ya ɗan fi na jiya kaɗan ne, yadda zai sha wuya amma ya ci. In ta ga ya gaji sai ta rufe da abin da ya riga ya iya, don ya kwanta da nasara a ransa. Na tambaye ta dalili, ta ce akwai wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, da ya yi rubutu a 1977 cewa abin da ya fi sa mutum ya yarda zai iya abu shi ne ya ga ya taɓa yin sa da kansa, lallashi da baki kuwa ƙarfinsa kaɗan ne. Ni sai na ga ai Bahaushe ya riga shi, tunda ya ce gani ya kori ji. Kuma dubi kalmarmu ta ƙwarin gwiwa. A makonni na farko gwiwar Baba ta fara samun ƙarfi, likitan gashi ya tabbatar, amma ƙwarin gwiwar bai zo ba. Abubuwa biyu ne, kuma kowanne da jinyarsa.

A nan ne muka yi ta fama da 'yan dubiya, Allah Ya saka musu da alheri. Mutum zai shigo ya tarar Baba yana kokawa da maɓallin riga, gumi na keto masa, mu kuma muna tsaye muna kallo. Sai ka ga ransa ya ɓaci. Wani kawunmu ya fito da ni waje ya ce, "Kai, ba ka da tausayi ne? Ubanka na wahala kana harɗe hannu?" Wata gwaggo kuma ta ce iska ce ta buge shi, a bar wahalar da shi a nemo rubutu. Ba mu hana addu'a ba, kullum ana yi. Amma Sista ta riga ta gaya mana cewa gaɓar da aka daina amfani da ita ƙwaƙwalwa na koyon mantawa da ita, kuma duk abin da ka yi wa majinyaci alhali zai iya, ka rage masa atisayen ranar, ka kuma gaya masa ba da baki ba cewa ba zai iya ba. A ganina a nan tarbiyyarmu take yi mana tarko. An koya mana cewa ɗa na gari ba ya barin uba ya ɗauki ko buta. A gidan mai shanyewar ɓarin jiki kuwa, butar nan ita ce maganin. Da wofi ya fara ɗaga ta da hannun dama, sannan da ruwa kwata, sannan rabi.

Maganar hannun dama ta fi ƙarfin atisaye kawai. Da shi muke ci, da shi muke gaisawa, da shi ake miƙa wa mai saye canji. Baba ya daina cin abinci a gaban mutane saboda kunyar ci da hagu, har ya rame. Limamin unguwarmu ne ya zo ya zauna da shi ya nuna masa hukuncin larura, ita kuma Sista ta naɗe ƙotar cokali da tsumma har ta yi kauri yadda yatsun dama za su iya kamawa. Loma uku na farko da dama, sauran da hagu, haka aka rubuta a littafi. Ta sa shi jan carbi da dama, da ninke turmin atamfa a kan tabarma da hannu biyu, da ƙirga kuɗi. Wannan na ƙarshe ya zo a lokacin ban dariya, domin a farkon 2023 ne aka yi ƙarancin takardun naira bayan sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu. Gidan ɗan kasuwa guda babu abin ƙirgawa sai 'yan hamsin-hamsin na leda, su kuwa santsi gare su, sun fi wuyar kamawa. Baba ya ce ko gwamnati ma ta shiga jinyar.

Banɗaki aka fara ci. Kafinta ya yi kujera mai rami, mai walda ya kafa ƙarfen riƙewa a bango, aka kwashe tabarmi da takalma daga hanya. Taku goma sha ɗaya ne daga gadonsa. Ranar da ya je ya dawo ya rufe ƙofa da kansa, bai ce komai ba, amma da daddare ya ce a kawo littafi ya ga an rubuta.

Sai kuma aka samu koma baya. A mako na tara ya zame a kan jiƙaƙƙen siminti kusa da rijiya, ya faɗi zaune. Bai karye ba, ko ƙujewa bai yi ba. Amma ya yi kusan minti goma a ƙasa yana kira kafin a ji, kuma ya kasa tashi. Daga ranar ya ƙi miƙewa. Kwana tara shafin littafi fari fat. In an ce ya tashi sai ya ce jiri yake ji. Mutumin da gobarar Terminus ba ta kwantar ba, simintin tsakar gidansa ya kwantar da shi.

Da Sista ta zo ba ta ce masa "daure, Baba" ba. Ta zauna ta tambaye shi mene ne ya fi tsorata shi, faɗuwar ko zaman ƙasan. Ya ce zaman ƙasan. Ta ce to, ƙasa za a koya. Bayan ta tabbatar likita ya duba jininsa ya amince, sai ta fara koya masa tashi daga ƙasa, amma daga ƙarshe ta faro. Ta zaunar da shi a kan wata 'yar kujera gajera kusa da gado, ya dafa gado da hannun hagu ya hau. Ya maimaita har ya gundure shi. Mako na gaba aka koma kan matasai uku a jere bisa juna, sannan biyu, sannan ɗaya, sannan tabarma. Ya koyi juyawa ta gefe, ya tokare da hannu mai lafiya, ya durƙusa, ya ja jiki zuwa abu mai ƙarfi, ya kafa ƙafar hagu, ya tura sama ya zauna. Kowane mataki da ya koya yana ƙarewa ne da shi a zaune a kan gado, wurin da ya riga ya yarda da shi. Ta maida tafiyarsa baya ma, daga taku talatin zuwa biyar, aka sake hawowa. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma mun daɗe ɗin.

Ban gane inda ta dosa ba sai da na ga wanda ya iya sauka ƙasa ya tashi, ai ya iya sujada. Tun Disamba a kujera yake salla, liman ya sha gaya masa sallarsa cikakkiya ce, shi ma ya sani, amma ransa na kan ya ga goshinsa a ƙasa. A goman ƙarshe na azumin 2023 ya yi raka'a biyu da sujada huɗu, kujera a gefensa yana dafawa, ni a bayansa ban taɓa shi ba. Mama na bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi. Sista ba ta nan, sai Asabar aka nuna mata a littafi, ta ce, "Baba, saura ɗaya."

Waje kuwa wani karatu ne. Sunan unguwarmu ma ya isa bayani, Gangare. Jos gari ne na tudu da duwatsu, lungunanmu ga kwata ga tsakuwa, ga yara a guje, ga masu Keke. Tafiyar da ka iya a kan siminti ba ita ce ta lungu ba. Aka raba hanyar gida-gida: zaure, dakalin ƙofa, shagon mai shayi, masallacin layi. A dakali ya koyi ƙa'idar matakala, ƙafa mai lafiya ke fara hawa, mai ciwo ke fara sauka. Ta zaɓar masa lokacin hantsi, sa'ad da yara suna makaranta. Abin da ya fi damunsa a nan idon mutane ne, kada a ga Alhaji yana jan ƙafa. Kwana uku yana kaiwa zaure yana komawa. A na huɗu wani abokinsa mai sayar da hula ya zo ya zauna a dakali ya ƙi shiga, ya ce in ana son gaisuwa a fito. Ya fito.

A watan Yulin 2023 ya koma kasuwa, a Keke, na awa biyu. Kafin ranar sai da muka gwada shiga Keke da fita a ƙofar gida sau da yawa, mai Keken yana ta dariya, mun biya shi kuɗin lodi guda. Makinsa na ƙarshe da Sista ta auna 85 ne.

Ba zan ce muku ya koma kamar da ba. Har yau da sanda yake tafiya, ƙafar dama tana ɗan ja, musamman in sanyi ya sauko. Almakashi ya gagare shi, ni nake yanka yadi, ni nake zuwa Kano saro kaya. Rubutunsa da dama ya zama kamar na ɗan aji ɗaya. Akwai kuma waɗanda bugunsu ya fi nasa tsanani, da duk ƙoƙarin duniya ba zai kai su inda ya kai ba, kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗora wa majinyacinsa laifi. Amma kwana uku a mako yana shago, shi ke ciniki, shi ke riƙe lissafi, maganin hawan jininsa na cikin aljihun gaba. Canji kuwa da dama yake miƙawa, hagu na tallafe da ita daga ƙasa, waɗanda ba su sani ba suna ɗauka tsabar ladabi ne.

Watan jiya wani maƙwabcinmu ya aiko ɗansa, an sallamo su daga asibiti da irin wannan ciwo. Baba ya ce in ɗauko littafin mai jan bango, ya sa na raka shi gidan, taku ɗari da arba'in ne. Ya zauna kusa da majinyacin ya buɗe masa shafin farko, wurin da aka rubuta minti biyu.